Ranar da Rubutu Ya Ƙanƙance

Inna A'i ce ta fara lura cewa mijinta, Malam Badaru, ya daina buɗe kwamfutarsa.

Tun da ganinsa ya soma rauni, autarsu Sa'adiyya, wadda ke koyarwa a Birnin Kudu, ta kawo masa na'urar har gida Kwandiko. Ta ɗauki hoton littattafan da ya gada daga mahaifinsa shafi-shafi ta zuba a ciki, ta saita ta yadda kowane harafi zai fito kamar ƙwayar gyaɗa. Da ita yake bitar darasin da zai ba matan aure a Islamiyya.

Wata Laraba da hantsi ya buɗe ta a rumfa, ya daɗe yana kallo. Ya goge tabarau da bakin rigarsa, ya sake dubawa, ya rufe. Washegari ma haka. Daga nan ya mayar da ita jakarta ya rataye.

"Malam, ta lalace ne?" in ji Inna A'i.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Mai ita ne dai."

Ba ta gane ba sai da ta ji ya kira mataimakinsa, Malam Sabo, yana ce masa ya karɓi ajin mata daga mako mai zuwa. Da Malam Sabo ya fita ta zo ta zauna a bakin tabarma, ta tambaye shi abin da ke faruwa.

"Likita ya faɗa mini abin na iya sauka lokaci guda. Na buɗe na ga rubutu kamar kiyashi, A'i. Alhamdu lillahi, na ci moriyar idanun nan. Kada ki tayar wa yarinyar nan da hankali."

Ta ce to. Amma tana shiga madafi ta ɗauki waya.

Ranar Asabar Sa'adiyya ta shigo mota zuwa Gwaram, ta hau babur ta ƙaraso, idanunta jajur. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tunda haka ne bari ta kwafi littattafan a wayarta, a riƙa karanta masa. Ta buɗe na'urar. Ta yi tsai, ta matso da fuskarta.

"Baba, ni ma da kyar nake ganin wannan. Yaushe ka jona ta da intanet?"

"Talata. Na jona da waya zan sauke wani littafi, aka kira la'asar na bar ta."

"Ai sabunta kanta ta yi! Kana masallaci ta sauke sababbin gyare-gyare, ta mutu ta tashi, ta mayar da rubutun yadda ta zo da shi daga kanti."

Ta danna nan, ta danna can, ta juya masa fuskar na'urar. Malam ya gyara tabarau. Leɓɓansa suka fara motsi. Can sai murya ta fito, layi ɗaya, na biyu, na uku, ba tuntuɓe. Ya tsaya ya ɗago ya dubi matarsa. Inna A'i ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Wato ƙarfe ne ya sa ni takaba ta kwana da kwanaki," ya ce daga baya, yana share ido.

"Hana ta wannan sabuntawar gaba ɗaya," in ji Inna A'i. "Ba ma so."

"A'a Inna, tana da amfani, ita ke kare ta daga masu ɓarna. Zan dai jinkirta mata, ta riƙa yi ranar da na zo."

Abin da ya fi tsorata Sa'adiyya shi ne ashe littattafan kakanta wuri ɗaya kawai suke, ga takardun asalin gara ta fara taɓa su. Ta fito da 'yan ƙananan filas na ajiye bayanan kwamfuta guda biyu ta kwafe komai a ciki. Ɗaya za ta tafi da shi Birnin Kudu. Ɗayan ta danƙa a tafin mahaifiyarta.

"Duk ɗakin karatun Malam na cikin wannan ɗan abin?" Inna A'i ta jujjuya shi, ta ƙulle a tsumma mai tsabta, ta sa a ƙasan kwallarta. Sannan ta sa aka koya mata maɓallan da ke ƙara girman rubutu, ta yi ta maimaitawa har hannunta ya riƙe.

Ranar Litinin Sa'adiyya ta matsa sai da aka kai shi asibiti. Aka ce idon na nan yadda yake, aka dai canza masa tabarau.

Ajin kuwa Malam bai karɓe ba. Ya ji labarin Malam Sabo har sabuwar riga ya ɗinka saboda ranar farko, ya ce ba zai karya masa zuciya ba. Suka raba: Sabo ya ɗauki fiƙihu, shi ya riƙe hadisi.