Faifan Baba Ba Ya Son Gaggawa

Tsohuwar kwamfutar Baba sai mutum biyu ke iya ɗaga ta. A cikinta ya yi zanen gidaje duk tsawon aikinsa, kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, ta nauyaya masa harshe. Tun safe yake nuna ta da hannu. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Injiniya, ta ce ta gane, zane-zanensa yake so. Dama ita ce mai ƙarasa masa magana tun bai kai rabi ba.

Faifan ajiyar kwamfutar ya tsufa, da an kunna shi sai ƙas-ƙas, kuma ta san kowace kunnawa na iya zama ta ƙarshe. Ga matsalar direba, 'yar manhajar da ke kai saƙo tsakanin kwamfuta da allon lantarkin da ke sarrafa faifan. Tsohon direban ya lalace, ta rubuta sabo, amma da an fara karatu sai komai ya tsaya cak.

Ta yi abin da 'yan sana'arta ke yi in kai ya kulle: ta sa direban ya riƙa rubuto kowane mataki a sikirin, don ta ga inda yake tuntuɓe. Sai ya ƙi tuntuɓe. Ta cire rubutun, ya tsaya. Ta mayar, ya tafi sumul. Ƙanwarta da ke gefe ta ce ashe na'ura ma irin nata mijin ce, ba ta aiki sai an tsare ta da ido.

Can Injiniya ta gano. Rubutun yana cin ɗan lokaci, wannan ɗan lokacin kuwa shi tsohon allon ke buƙata ya ba da amsa. Direbanta yakan yi tambaya ne ya wuce bai jira ba. Halinta ya ɗauko, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta ƙara masa jira, faifai ya buɗe, ƙararsa na ta muni. Ta kai hannu za ta kwashe zane-zanen ke nan, Baba ya fara motsa baki. "Na sani, Baba" ta zo mata har leɓe, ta haɗiye. Jiran ya yi mata ciwo, don faifan na mutuwa tana ji.

"Ba... zane ba," in ji shi da ƙyar. "Muryar... uwarku."

Ba ta ma san da ita ba. Ta lalubo ɗan fayil ɗin ta kwafe, faifan ya yi shiru kafin zane ko ɗaya ya fito.

Ta kunna. Marigayiya Mama ce tana dariya, tana tambaya ko da gaske wannan abin yana jin ta, sannan ta ce wa Baba ya taso haka nan, abinci zai huce.