Makirufo Mai Fito

"Wannan ma fito yake yi," in ji Mai Labarai, ya dire kwalin makirufon a kan kantar shagon. "Makirufo na ce ka ba ni, ba usur ba."

Mai shagon kayan sauti ya yi ajiyar zuciya. Zuwa na uku ke nan tun safe. Shekara ashirin da biyu bawan Allahn nan ya yi yana karanta labarai a gidan rediyo, har sunan ya bi shi. Da aka sallame shi, sai ya mai da ɗakin ajiya wurin naɗar murya, ya jingina katifu biyu a bango don su tare ƙara. Yau ya samu aikinsa na farko, tallar sabulu, kuma ƙarfe huɗu kamfanin ke jira. In ta kuɓuce masa, sai komawa zaman kashe wando.

"Baba, irin makirufon nan kwandensa ka ce kana so," in ji mai shagon. "Shi kuwa kunnensa ya fi na maƙwabta. Ko ƙuda ne ya yi tari, sai ya ɗauka."

Wannan karon matarsa ta biyo shi, don ita ma ta kai wuya. An kashe mata firiji, an kashe fanka, an sauke agogon bango, har atishawa sai ta fita waje take yi.

"A gwada shi a nan kowa ya ji," ta ce.

Mai shagon ya jona waya, ya ƙirga ɗaya zuwa goma. Tas, ko ƙura babu. Mai Labarai ya gyara tsayuwa, ya buɗe muryar nan tasa mai cika ɗaki: "Sabon sabulu, sauƙin wanki!" Sai ga fito, siriri, har sau uku.

"Ka ji ko!"

Mai shagon bai dubi makirufon ba, bakin mutumin ya duba. Ga wushirya nan tsakanin haƙoran gaba, kamar an bar ƙofa a buɗe.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ba daga kayana ba ne. Tsofaffin makirufonku na rediyo ne suka yi ta rufa maka asiri."

Wallahi da mari aka shara masa da ya fi sauƙi. Ya juya ga matarsa, ko za ta ƙaryata, sai ya ga ta duƙufa kallon tayil.

"Ke ma kin sani?"

"Tun kana zuwa zance."

"Ba ki taɓa faɗa ba!"

"In faɗa ka je a toshe? Haba, Baban yara. Da me zan riƙa gane gaskiyarka?" Ta gyara riƙon jakarta. "In da zuciya ɗaya kake magana, sai ka saki baki, fiton ya fito. In za ka shirga ƙarya kuwa, a hankali kake tauna kowace kalma. Ranar da ka ce sabis ka kai mota, alhali gidan ƙwallo ka tafi, ko ɗigon fito babu."

Mai shagon ya sunkuya ƙarƙashin kanta, wai yana neman wata waya. Kafaɗunsa ne suka tona shi.

Ƙarfe uku ta wuce. Mai Labarai ya rungumi kwalinsa, ya kama hanyar gida. Ya shige tsakanin katifunsa, ya ja ƙofa, ya daɗe yana kallon takardar tallar. Matsalar ke nan ashe: tun safe da gaske yake yabon sabulun nan, kamar shi ya haife shi.

Ya tuna muryar da yake gaya mata ai taro ne ya tsare shi a ofis. Ya danna maɓalli.

"Sabon sabulu, sauƙin wanki. Sau ɗaya tak, ya ishe ki."

Ya saurara. Tas. Muryar da ya fi alfahari da ita a duniya, ba fito ko kaɗan. Huɗu saura minti goma ya tura wa kamfanin, nan take suka amsa cewa ba su taɓa jin mai talla da ya yi imani da kayansu haka ba.

Ya fito yana share zufa. Tana zaune a falo, ta riga ta kunna fankarta.

"Na ji ta ƙofa," ta ce. "Kar ka kuskura ka kawo min sabulun nan gidana."