Jirgin Shinkafa a Bakin Singafo

Tenri ɗalibar lauya ce daga birnin Makassar na ƙasar Indunusiya, saura mata shekara guda ta gama. A dogon hutu ta sami gurbin koyon aiki a Singafo, a wani ofishi da ke shari'o'in cinikin ƙasa da ƙasa. Aka haɗa ta da Madam Loh, wata lauya mai furfura wadda ba ta yawan magana.

Shari'ar da ta fara taɓawa ta shinkafa ce. Wani kamfani da ofishinsu ke wakilta ya yi odarta daga Biyetnam, jirgin ruwa ya kawo ta a jiƙe, ta yi fumfuna. Tenri ce ta tono tsofaffin hukunce-hukuncen da aka kafa hujja da su, har kotu ta tsare jirgin a bakin teku sai masu shi sun ajiye jingina. Ranar Madam Loh ta ce mata, "Ba laifi." Tenri ta kira mahaifiyarta tana ta murna.

Masu jirgin kuwa suka yi ta jan ƙafa. Da aka sa ranar duba kayan a gaban ɓangarorin biyu, sai aka tafi da ita tafinta, don yawancin ma'aikatan jirgin 'yan Indunusiya ne. Tana cikin fassara wani dattijo mai kula da injin ya tsura mata ido.

"Wannan bakin na Makassar ne," in ji shi. "Ashe 'yar gida ce ta ɗaure mu."

Abokan aikinsa suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Sunansa Daeng Rapi, mutumin tsibirin Selayar. Ya zuba mata baƙin kofi, ya ba ta haƙurin rashin sukari. Can ya rage murya.

"'Yata, ke da kika san takarda, yaushe za a sake mu? Uwar 'ya'yana na asibiti, ƙoda ce. Wa'adina ya cika tuni, amma an ce jirgi ba ya zama ba mai injin, ba a kuma turo madadina ba."

"Baba, zan tambaya," shi ne kawai abin da ta iya cewa.

A kwale-kwalen komawa ta gaya wa Madam Loh.

"Ba mu ne lauyoyinsa ba, Tenri."

"Na sani, Madam. Amma mu muka tsare shi."

"Jirgi muka tsare." Can Madam Loh ta ƙara da cewa, "Rubuta buƙatar a musanya dattijon. Zan kira lauyoyin masu jirgin da kaina. Kada ki yi masa alkawarin rana."

Tenri ta rubuta a yinin. Sai dai kowane ofishi da nasa jiran: amincewar kamfanin shinkafar, sa hannun masu jirgin, izinin shige da fice, ga neman wanda zai karɓi aiki a jirgin da ba ya tafiya. Kullum da safe Daeng Rapi kan aiko mata da gaisuwa ta waya, bai taɓa tambayar ina aka kwana ba. Ranar da madadin ya sauka Singafo, saƙon da ta samu ba gaisuwa ba ce. Matar ta rasu da asuba, za a binne ta bayan azahar.

Washegari ta raka shi filin jirgin sama. Ta yi masa ta'aziyya.

"Baba, ka yafe mini. Da hannuna a takardar da ta tsare ku."

"Ke kika jiƙa shinkafar?" Ya gyara jakarsa a kafaɗa. "Aikinki kika yi. Lokacinta ne ya yi. Abin da ke cina kawai, ta yi ta tambaya ko na taso." Ya ɗaga hannuwa, suka karanta wa marigayiyar Fatiha a tsaye, mutane na ratsa su da akwatuna.

Har Tenri ta gama zamanta ba a saki jirgin ba. Madam Loh ta rubuta mata shaida mai kyau, ta ce ta dawo bayan karatu. Tenri ta yi godiya, ba ta ce e ko a'a ba.

Kafin a koma makaranta ta hau jirgin fito zuwa Selayar, ta riski addu'ar arba'in ta matar Daeng Rapi. Ba wanda ta sani sai shi, yana can cikin maza. Ta tuɓe takalmi ta shiga wajen mata, babbar 'yar marigayiyar ta matsa mata wuri a tabarma, ta miƙo mata ganyen ayaba. Tenri ta zauna tana taya su naɗe abincin baƙi har la'asar.