Ruwan Sama daga Butar Malam Badamasi

Dakta Juwairiyya ta samu tallafin binciken yadda damina ke sauyawa, sai ta kafa ma'aunin ruwan sama a gonar Malam Badamasi da ke Kutama. Na'urar tana aiko mata sakamako ta waya.

Aka kwana goma sha biyu ba ko ɗigo, gero ya fara yaushi, amma kullum na'urar cewa take an sha ruwa. Da Juwairiyya ta je dubawa, sai ta tarar da dattijon yana ɗura wa ma'aunin ruwa da buta.

"Baba, me kake yi haka?"

"Taimakonki nake, 'yata. In masu ba ki kuɗi suka ga gwangwanin nan a bushe, ai cewa za su yi ba kya aiki."

Ta dafe kai, dariya ta ƙwace mata. Ta yi masa bayani cewa farin ake son aunawa, don a samo irin da zai jure shi.

"Ashe fari suke nema?" in ji shi. "Su zo da babbar mota, har na maƙwabta mu haɗa musu!"