Bayi Mai Sakata

Gara in faɗa tun yanzu: ban iya ja da baya da tirela ba. Shekarata hamsin da bakwai, talatin daga ciki na yi su ina gyaran famfo a gidajen mutanen Port Augusta, na iya walda daidai gwargwado, amma da zarar na sa giyar baya sai tirela ta lanƙwaso ta zo tana leƙena ta taga. Shi ya sa ranar Juma'ar nan Col, ƙanen matata, shi ne a kan sitiyarin motata. Ni ina gefe, na murɗe wuya ina kallon abin da muke ja, kamar wanda aka sallamo wa jariri daga asibiti.

"Juyo haka, Injiniya, kar wuyanka ya maƙale," in ji Col. "Akwatin gawar na nan, bai gudu ba."

"Sunanta Sarauniya."

"Sarauniyar da ta yi shekara goma tana kai ciyawa juji."

Da gaskiyarsa. 'Yar tirelar kaya ce mai taya biyu, wadda muka gada daga surukina, lambarta ma ta daɗe da mutuwa. Wata takwas na yi a kanta a rumfar bayan gida. Na cire tsoffin sifirin na sa masu jure gargada, na sa mata tayoyin daji irin na motar, na ta da bango, na yi rufi, na shimfiɗa gadon mutum biyu. Na yi kicin mai zarowa daga gefe kamar durowa, na kafa farantin sola a sama. A can baya kuma na yi bayi.

Bayin nan shi ne komai. Shekara ashirin da shida da suka wuce, sati ɗaya da aurenmu, na kai Rhonda kwanan daji. Da sassafe ta zagaya bayan wani ɗan kurmi, tana tsugune sai ga motar 'yan yawon buɗe ido ta ɓullo ta hanyar da na rantse mata ba a bi. Mutum arba'in, har da masu ɗaga mata hannu. Tun daga ranar ba ta sake kwana inda babu ƙofa ba. Duk shekara nakan tafi ni kaɗai, in dawo da hotuna, ta kalla ta ce, "Ya yi kyau," ta koma kan abin da take yi.

Bana kuwa tabkin Eyre ya cika. Ruwan arewa ya gangaro ya rufe gishirin da ke shimfiɗe a ƙasansa, tsuntsayen kwasakwasa dubu-dubu sun sauka a tsakiyar hamada, abin da sai a yi shekaru ba a gani ba. Rhonda ta ga hoton a talabijin, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "In da bayi mai ƙofa da sakata, zan je." Ta ɗauki hutun sati biyu a kantin maganin da take aiki, daga ranar Asabar. Ni kuwa na yi mata bayin da ko gwamna ya shiga sai ya daɗe: ƙashinsa ƙarfe mai kauri, na yi masa walda a jikin tirelar, ƙofarsa daga wata tsohuwar motar kwana. Ita da kanta ta shafa masa fenti ruwan ƙwai, ta rataya labule.

Abu ɗaya ya rage, lamba. Doka a nan ita ce tirelar da ba ta da birki kada ta wuce kilo ɗari bakwai da hamsin, ita da kayanta. Sarauniya ba ta da birki, mai sa birkin kuma ya ce sai bayan sati uku. Kafin nan hutun Rhonda ya ƙare, ruwan ma ya fara ja. Saboda haka sai in kai takardar awo ofishin lamba kafin a tashi ƙarfe huɗu. Sikelin motoci mafi kusa kuwa yana ƙofar jujin gari.

Mai kula da sikelin wata dattijuwa ce, Dot. Ba ta fitowa daga rumfarta, tagar ma ta rufe ta da takardun sanarwa. Lamba take kallo a allonta, ta yi magana ta lasifika.

"Hau da ita, bawan Allah. Ka kwance ta, ka fitar da motar."

Col ya hau da mu kan faffaɗan farantin ƙarfen, na sauko na kwance ta, ya ja motar gaba. Iska na kaɗowa daga teku, tirela ba birki, sai na tsaya na riƙe mata hanci kada ta gangara. Tankin ruwa babu komai a ciki, abinci duk a mota zai tafi, na riga na yi wannan dabarar. A lissafina ɗari bakwai da talatin ne, ko da 'yan kai.

Jar lamba ta haska a babban allon da ke jikin rumfar. Ɗari takwas da arba'in.

"Sikelinki ya lalace," na ce.

"Kowa haka yake faɗa," in ji lasifikar. "Likitana ma na faɗa masa."

Col ya dawo yana cin biredi da tsiran nama, ya ɗaga kai ya karanta lambar a hankali, da ƙarfi, kamar ɗan aji ɗaya. "Injiniya, da me ka yi lissafin? Da yatsun ƙafa?"

Ban karaya ba. Hasali ma wani irin nishaɗi ya kama ni, irin na wanda gidansa ke cin wuta ya ga ashe ya iya gudu. Muka ja ta gefe, na ciro firji na tura bayan mota. Muka sake hawa. Ɗari takwas da ashirin. Na kwance safayar taya da jak. Ɗari takwas daidai. Na ciro tukunyar gas, tukunyar ƙarfen gasa biredi, kujeru biyu na naɗewa, tabarmar ƙofa, har cokula. Muka hau. Ɗari takwas.

"Bai motsa ba," na ce.

"Ashirin-ashirin yake tsalle," in ji Dot. "An yi shi don manyan motoci ne, ba don cokali ba."

Bayan motar ya cika har rufi. Layi ya taru a bayanmu, masu ganyen itace da masu matattun katifu, kowa ya sauko da shawararsa. Wani ya ce in sace iskar tayoyin. Wani tsoho mai kare ya zagaya Sarauniya sau biyu, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyau haka ba, kuma zai yi wa kajinsa daidai. Na ji daɗin rabin maganar har na ba shi hannu.

Wayata ta yi ƙara. Rhonda ce ta turo: "Yaya ake ciki?" Na rubuta mata, "Komai daidai," na mai da wayar aljihu da sauri kamar tana da zafi.

Ƙarfe biyu da minti goma. Kicin ba ya ciruwa, shi ke riƙe da bangon hagu. Katifa ba ta fi kaza nauyi ba. Col ya gama biredinsa, ya goge hannu a wando, ya taka a hankali zuwa bayan tirelar ya jingina da ƙofar ruwan ƙwai. Ya ɗan buɗe ta, ya rufe, ya ja sakatar.

"A'a," na ce.

"Ban yi magana ba."

"Yayarka za ta kashe ni."

"In ba lamba ma za ta kashe ka. Wannan dai ta kashe ka a bakin tabki, da tsuntsaye." Ya daki ƙarfen da tafin hannu. "Me ya sa ka yi shi da ƙarfen gada? Giwa za ta shiga?"

"Don kada ya girgiza."

"To bai girgiza ba. Kilo sittin ne nan, ko na yi ƙarya."

Na tsaya ina kallon labulen. Kifaye ne a jiki, shuɗaye, ta yini guda tana zaɓa. Na gaya wa kaina cewa in muka isa, ta ga ruwa iya ganinta a inda babu komai sai gishiri, za ta manta. Na gaya wa kaina za a iya sayen ɗan tanti na bayi a hanya, mai zif. Zif ba sakata ba ne, na sani, amma mutum idan yana so ya yarda da abu ba ya rasa shaida. Na ciro injin yankan ƙarfe mai batir daga akwatin kayan aiki.

Waldar da na yi sati uku ina yi, minti ashirin ta ɗauka. Kuma, Allah ya gafarta mini, na ji daɗi. Tartsatsi na tashi, masu layi na ba da hanya, tsoho mai kare na nuna mini inda zan sa bakin injin. Da yake na yi aikin da gaske, bai fita a dunƙule ba, sai gunduwa-gunduwa. Col na ɗauka yana jefawa kan tulin ƙarafa, motar kwasa ta zo da hannunta mai farce ta dunƙule su da wani tsohon injin wanki. Na shafa wa wurin yankan baƙin fenti, na naɗe labulen na cusa a ƙarƙashin kujera.

Muka hau karo na biyar. Na riƙe mata hanci, na rufe ido.

"Ɗari bakwai da arba'in," in ji lasifikar.

Ni, mai ciwon gwiwa, na yi tsalle. Na sake yi. Lambar ta yi rawa a allo.

"Ku dakata, iska na kaɗa mini sikeli," in ji Dot. "Yawwa. Ɗari bakwai da arba'in. Zo ka karɓi takardarka, bawan Allah, ka tafi kafin in yi kuka."

Masu layi suka danna hon. Col ya ja da baya ya ɗauke ni hoto, hannuna ɗaya a kan Sarauniya, ɗaya a sama, jar lambar a bayana. A hanya muka yi ta waƙa, ni da mutumin da bai taɓa yabon ko shayin da na dafa ba. Huɗu saura ashirin muka isa ofis. Jami'in ya fito, ya duba fitilu da sarƙa, ya karanta takardar Dot, ya buga hatimi. Na ɗaura lambar a wurin, na sumbace ta a gaban jama'a.

Sai da muka shigo layinmu na tuna akwai sauran bayani.

Rhonda na tsaye a ƙofar gida, ko rigar aiki ba ta cire ba. Jakunkuna a jere, hular rana sabuwa a kanta, madubin hangen nesa da ta aro a wuya, ga ƙunshin takardar bayi mai naɗi goma sha biyu a hammata. Tana murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba. Col ya ja da baya ya ajiye tirelar tsaf, ya kashe mota, ya ce ya tuna bai ba karensa abinci ba. Col ba shi da kare. Amma bai yi nisa ba, ya tsaya a bayan shingen maƙwabci.

Ta zagaya ta dama, ta shafa lambar. Ta kai baya. Ta daɗe a can.

"Warwick."

"Na'am."

"Ina bayina?"

Na yi bayani. Na yi shi da kyau, da lambobi, da doka, da mai birki, da iska. Na ciro sakatar daga aljihu, don ita kaɗai na tsira da ita, na miƙa mata. Ta karɓa ta juya ta a tafin hannu. Murmushin ya tafi, kuma abin da ya maye gurbinsa ba fushi ba ne, gara fushi. Ta fara cire madubin daga wuyanta.

"Ki duba dai," na ce, na zaro waya. "Ki ga yadda muka yi da kyar. Kilo goma kacal ya rage."

Ta kalli hoton. Ta buɗe shi da yatsu biyu, ba wajen lambar ba, ƙasa.

"Wannan farantin ƙarfen shi ne sikelin?"

"Shi ne."

"Duka?"

"Duka, har can."

"Waɗannan kuma ƙafafun wane ne?"

Daga bayan shinge aka ji wani sauti kamar an taka agwagwa.

"Duk sau biyar ɗin a nan ka tsaya?"

"Ba ta da birki," na ce. "Ga iska."

Rhonda ta zauna a kan jaka. Kafaɗunta suka fara girgiza, ta rufe fuska da ƙunshin takardar, na kasa gane kuka ne ko dariya sai da hular ta faɗi. Ta yi har ta sarƙe, ta share ido, ta kalli baƙin fentin da bai gama bushewa ba, ta sake fashewa. Da ta samu numfashi ta mai da madubin wuyanta.

"Ƙarfe shida na safe," ta ce. "Shebur na haƙa rami naka ne. Labulen kai za ka riƙe, da hannu biyu, ka juya baya. In mota ta ɓullo, kai za ka tare ta."

"Na yarda."

"Ban gama ba."

Ta shiga gida, ta fito da ɗan sikelinmu na ɗakin wanka, ta ajiye shi a kan siminti a gabana. Col ya dawo daga ba karensa abinci, ya tsaya kusa don ya gani da kyau. Na hau.

Kilo ɗari da huɗu. In an cire ni daga awon farko, yadda Sarauniya ta bar gida da safe, da firjinta, da safayarta, da bayinta mai sakata, ɗari bakwai da talatin da shida ce.