Igiya a Bakin Taga

Ungozomar garin ce ta fara kawo maganar gina ɗakin taro, wannan kowa ya sani. Ta gaji da ganin mata tsaye cikin rana da jarirai a baya duk ranar da ma'aikatan lafiya suka zo awo. Ta gaji da taron da ruwan sama ke tarwatsawa tun ba a gama gaisawa ba. Haka ta yi ta mita, a bakin rijiya, a gidajen da ta je karɓar haihuwa, har maza suka ga ba za ta bar su su sha ruwa ba, aka kafa kwamiti, aka ɗora tsohon hedimasta a kai.

Fili kuwa ba a sha wahalar samu ba, ga shi nan a tsakiyar gari. Daga samansa akwai shago, da injin niƙa, da rumfar kafinta, a jere. Daga ƙasa gida ɗaya ne tak, na ungozoma.

A gidan nan akwai ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon filin, a ɗakin kuma akwai mijinta. Da can shi ne mai gyaran keken garin, mutum mai surutu da tsokana, wanda ba ka wuce shi bai ja ka da magana ba. Ciwo ya same shi rana ɗaya, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ma ya tafi. Sai ido. Ta ja gadonsa ta jingina da tagar, ta ɗaga masa kai da matasai, shi ke nan duniyarsa ta koma faɗin wannan taga. Ta nan hantsi ke shigo masa, ta nan iska, ta nan yake kallon kututturen da ya yi shekaru yana zama a kai yana facin taya. Duk mai wucewa sai ya leƙo ya ce, "Baba, ya jiki?" Shi kuma ya lumshe ido ya buɗe. Ranar da ta manta ta bar tagar a rufe, ko ruwa ba ya karɓa daga hannunta.

Ranar awon fili magini ya zo da doguwar igiya, ya ƙulla mata ƙulli a kowace kusurwa daidai girman ginin, ya kafa sanduna huɗu ya ɗaure. Ginin ya zauna a tsakiya, nesa da kowa. Ungozoma ta duba daga ɗakin mijinta, ta ga igiyar can gaba da kututture, hankalinta ya kwanta.

"Akwai mai magana?" in ji hedimasta.

Ba wanda ya ƙi. Mai shago ya ce madalla, mai injin niƙa ya ce ya yi kyau, kafinta ya gyaɗa kai. To, a nan ne fa matsalar take. Mutanen garin nan ba sa cewa a'a a gaban jama'a, kunya suke ji. Abin da bai yi wa mutum ba, sai ya yi murmushi a taro, in an watse ya je ya gyara abinsa a hankali ba tare da ya ɓata wa kowa ba.

Magini ya kakkaɓe hannu ya ce yana da wani aiki a wani gari, in ya gama zai dawo. "Amma ku ji ni da kyau. Ni ba na awo sau biyu. Inda na tarar da igiya, nan nake haƙa."

Aka yi dariya aka watse.

Ba a daɗe ba ungozoma ta lura mijinta ya sauya. Duk ta dawo daga unguwa da rana sai ta iske shi ya jiƙe da gumi, idonsa kafe a waje, hannunsa mai lafiya ya damƙe zanin gado.

"Maigida, mene ne? Zafi ne?"

Ya dube ta, ya dubi taga, ya sake dubanta. Ta leƙa. Ba kowa a filin, sai kaji da igiya. Ta goge masa fuska ta ce, "Kai dai da son kallo. Bari a fara gini, ka samu na yi har ka gaji."

Washegari tana shanya sai ta ga kamar igiyar ta matso kusa da kututture. Ta ce idonta ne, tsufa ya fara taɓa shi. Bayan 'yan kwanaki igiya ta zo daidai kan kututturen. Da mako ya zagayo kuwa, kututture ya koma cikin igiya. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga mata a ƙafa, tana kallon sandunan. A miƙe suke, igiya a ɗame, ƙulli kowane a kusurwarsa. Ginin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Tahowa kawai yake yi.

Ta je shago da sunan sayen sabulu. Mai shago a hannunta ya faɗo duniya, don haka ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Ɗan nan, wa ke taɓa sandunan nan?"

"Waɗanne sanduna, Inna?"

"Na cikin hancinka. Ni za ka yi wa wannan?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Wallahi ɗan kaɗan na matsar. Motar kaya ba ta da wurin juyawa in an yi gini a nan. Ko tsawon tabarma bai kai ba. In na ja na sama kuma dole in ja na ƙasa, kar in lalata wa magini awo."

"Me ya hana ka faɗa ranar taro?"

"Haba Inna, a gaban manya? A ce ni ne na hana aikin alheri?"

Mai injin niƙa ma haka. Ya kashe injin, ya share gari daga girarsa, ya ce mata ai matan da ke layi suna bukatar wurin ajiye kwanuka, kuma shi kaɗan ya taɓa, bai ma san wani ya riga shi ba. Ya rako ta har bakin hanya yana tambayar jikin Baba.

Ranar da ta biyo baya ba ta je ko'ina ba. Ta zauna a gefen gadon mijinta, daga ciki inda ba a hango ta. Rana ta take, gari ya yi tsit, kowa ya shige inuwa. Can sai ta ji numfashin mijin ya sauya. Ta ɗaga kai. Kafinta ne, mijin 'yarta, ya sauko da guduma a hannu yana waige-waige. Ya zo har bakin taga ya rusuna.

"Baba, ya jiki? Zan ɗan gyara sandar nan ne, wurin shanya katako ya yi mini kaɗan."

Ya tsaya jim kamar mai jiran amsa. Sannan ya juya, ya girgiza sandar ya zare ta, ya taho da ita.

"Mayar da ita," in ji ungozoma.

Guduma ta kusa faɗuwa daga hannunsa. "Inna, ashe kina ciki?"

"Ina ciki. Sau nawa ke nan?"

"Ai su ne suka fara turo ta wajen rumfata ta gefe, ni kuma na ga nan ƙasa akwai sarari. Kuma duk zuwan da na yi sai na gaya wa Baba. Bai hana ni ba."

Ta dubi mijinta. Hawaye ne ke bin gefen idonsa yana shiga kunne. Ashe duk a gabansa ake yi. Kowa sai ya zo ya gaishe shi tukuna, sannan ya zare sanda.

Kafinta ya mayar da sandar raminta, ya tafi sum-sum. Amma ramin na jiya ne, ba na farko ba. Na farkon ruwa ya shafe su tuni.

Da la'asar ta sami hedimasta a ƙofar gidansa yana sauraron rediyo. Ya rage murya, ya saurare ta har ta gama, yana ta gyaɗa kai.

"Gaskiya ba a kyauta ba, Yaya. Za a duba."

"Yaushe?"

"A zama na gaba. Sai dai kin san halin mutanenmu. In na kira suna a taro, an ɓata ke nan har jikoki. Ki bar ni in bi ta ƙarƙashi."

Ta dawo gida ba ta gamsu ba. Ta yi tunanin ta je da kanta ta mayar da sandunan sama. To amma ta kai su ina? Ƙofar shagon yaron da ta yanke wa cibiya, ko rumfar da 'yarta ke ci daga ciki? Kuma in ta mayar yau, gobe da rana wani zai dawo da su, ya gaida Baba.

Zama na gaba bai zo ba, magini ya riga shi. Da hantsi aka ji ƙarar mota, aka sauke diga da shebur da bulo da siminti. Ungozoma ta buɗe taga, sai ga igiya a gabanta. Da ta miƙa hannu za ta taɓa ta. An ƙara matsowa tun bayan zuwan kafinta, ba ta san ko wane ne ba, kuma ba ta ƙara son sani ba. Ta kwatanta a ranta bango a wurin, dogo har sama da rufin ɗakinta. Ba hantsi, ba iska, ba mai leƙowa.

Jama'a suka taru. Magini ya dubi igiya, ya dubi tagar, ya ɗan yi tsaki.

"Ba a nan na bar ta ba. Amma na faɗa muku."

"Akwai mai magana?" in ji hedimasta, idonsa a ƙasa.

Mai shago na duban takalminsa. Wani daga baya ya ce ai ana iya fasa wa Baba wata tagar ta bayan gida. Bayan gidan kuwa ba komai sai katangar maƙwabta da kwata.

Ungozoma ta juya. Ta koma ciki, ta kira 'yarta da wata maƙwabciya. Su uku suka ciccibi gadon da mutumin a kai, suka karkata shi ya fita ta ƙofa da ƙyar, suka zagayo da shi. Mutane suka dare. Suka ajiye gadon a kan igiyar, daidai inda diga za ta fara sauka. Ta gyara masa matashi, ta zauna a gefensa.

"Bismilla, ku haƙa," ta ce. "Ga shi nan. Ba zai hana ku ba."

Ba wanda ya motsa. Mai gyaran keke ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, wanda duk idon ya sauka a kansa sai ya kau da kai. Magini ya jingina digarsa da bulo.

Ungozoma ta jira. Jira take wani ya ce a mayar da igiya inda take tun farko. Magana ɗaya ce, kuma duk wanda ke wurin ya san ta. Ta dubi surukinta, ya buɗe baki, ya dubi mai injin niƙa, ya rufe.

Hedimasta ya yi gyaran murya. Da taushi ya yi maganar, kamar mai rarrashin yaro.

"Yaya ta fi mu gaskiya. Ba za a toshe wa Baba taga ba, yana kwance yana kallo. Ba gaggawa ake yi ba. A bar komai yadda yake. Ma jira."

Nan take fuskoki suka saki. Aka ce madalla, aka ce hedimasta ya iya magana. Matasa suka yi rige-rigen ɗaukar gadon, suka mayar da shi ɗaki a hankali, suka jingina da taga yadda yake. Aka jera bulo a gefe, aka rufe siminti da leda don kar ruwa ya taɓa. Ba wanda ya taɓa sanda ko ɗaya. Sai da filin ya watse sannan ta tsaya ta tambayi kanta, me za a jira?

Tun daga ranar igiya ba ta ƙara motsi ba. Masu gaisuwa kuwa suka ƙaru. Wanda da can sai ya yi mako bai biyo ta nan ba, yanzu kullum sai ya leƙo. Mai shago kan aiko da lemo. Hedimasta kan tsaya ya daɗe, ya tambayi ko Baba na cin abinci, ko yana samun barci, ko tarin nan ya lafa. Magini ma in ya shigo gari sai ya zo ya ɗaga ledar ya latsa buhun siminti da yatsa ya ji ko ya fara daskarewa, sannan ya tsallako igiya ya rusuna a bakin taga.

"Inna, ya mai jiki?"

"Da sauƙi sosai," takan ce, da ƙarfi, don na bayansa ma su ji.

Shi dai mai gyaran keke ya daina lumshe musu ido. In ya ji takun mutum sai ya juyar da fuska bango. Abinci ma ya fara ture shi.

Wata safiya ta zauna da kwano a gefen gadon, hantsi ya shigo ya kwanta masa a ƙirji. A waje iska na kaɗa igiyar, tana ɗan bugun sanda. Ta ɗebo a cokali ta kai bakinsa, ya datse leɓe.

"Maigida, buɗe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka ga hedimasta can ya taho. Ka bari ya iske ka kana ci."

Ya daɗe yana kallonta. Takun na matsowa. Sannan ya buɗe bakin.