Inda Tsattsewa Ke Shiga da Hunturu

A Edinbara, birnin da ke arewa da Ingila, ɗakin ƙasa na gidan abincina shi ne mazaunin 'yan Majalisar Juma'a. Lauya da likita da mai ɗinkin littattafai da limamin coci sukan zauna a tebur ɗaya, kawa, wato naman ƙwanson teku, da giya a gabansu. Dokarsu guda ce: duk wanda ya kawo magana, wajibi ne wani ya musa masa. Wanda aka bari ya gama jawabinsa ba a ja da shi ba, to, an raina shi ke nan. A gefen teburin nan na koyi karatu bayan furfura ta fito mini, a nan kuma ɗana Ninian ya tashi har ya gama jami'a.

Shugaban majalisar, Lauya Gilchrist, shi ya samo masa hanya. Wata makaranta a kudancin Ingila tana neman malamin lissafi, zaɓen kuwa yana hannun Dakta Pomfret, shugaban wata kwaleji a garin. Hunturu guda Ninian ya yi yana gyaran harshe, don kada mutanen Ingila su ji arewa a bakinsa. Ni nawa harshen ya riga ya bushe. Sai na bi shi a matsayin bara, tun da ba a shiga irin wannan gida ba mai riƙe jaka.

Gaskiya ɗaya ce, littattafan da na gani a kwalejin nan, Edinbara kaf ba ta da kwatansu. Dakta Pomfret kuma ba jahili ba ne. Ya karɓi Ninian da fara'a, ya gayyace shi cin abinci da la'asar.

Aka zauna bisa muƙami, babba a sama, ƙarami a ƙasa. Na tsaya bayan kujerar ɗana ina zuba giya. Ana cikin ci, Dakta ya dubi taga ya ce, “Tsattsewa sun ɓace. Sun shige laka a ƙasan tafki, sai bazara. Haka magabata suka rubuta.”

Malaman kwalejin suka gyaɗa kai. Na ga Ninian yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wanda zai girmama dattijon nan da musu. Ba wanda ya tanka. Tausayin Dakta ya kama Ninian.

“Ranka ya daɗe, ban yarda ba,” in ji shi. “Wa ya taɓa yashe tafki ya fito da tsattsewa mai rai? Matuƙan jiragen ruwa kuwa sun ce suna ganinsu a teku, sun nufi kudu.”

Cokula suka tsaya. Dakta ya ajiye wuƙarsa a hankali ya ce, “Ashe a arewa sai an yashe tafki kafin yaro ya yarda da na gaba da shi?”

Wani malami mai jan kumatu ya ce, “A yi masa uzuri, Dakta. Ƙasarsu ba abinci, gardama suke ci su kwanta.”

Aka yi dariya. Ninian ma ya yi, har fuskarsa ta haskaka, domin a gida da irin wannan ba'a ake buɗe muhawara. Na ja bayan rigarsa. Bai ji ba. Ya jawo kujera gaba, ya shiga jero hujjoji, yana roƙon Dakta ya kawo nasa ya ƙaryata shi. Dakta ya juya ga na kusa da shi, ya tambaye shi lafiyar dokinsa.

Washegari mai gadi ya tare mu a ƙofa, ya ce Dakta ba ya ganin baƙi. Aikin kuma an ba wani, ɗan'uwan mai jan kumatun.

A hanyar dawowa na ce, “Kada ka damu, ɗana. Ranar Juma'a za ka ba su labari, su yi wa Ingila dariya.”

Ranar Juma'ar ba wanda ya yi dariya. Lauya Gilchrist ya buga tebur ya ce, “Kai yaro, ka zubar mana da mutunci a kudu! Gardama ai ta cikin gida ce. Ba ka san littafina yana can Landan yana jiran yabonsu ba? Yanzu za su ce duk haka muke.”

Na tsaya da akushin kawa a hannu, ina jiran doka ta yi aikinta. Likita ya sunkuyar da kai. Limamin coci ya kurɓi giyarsa. Kowannensu yana da abin da yake jira daga kudu.

Ninian ya dubi Lauya. Sannan ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Da gyararren harshen nan nasa ya faɗe ta, ba ko gargada.

Yanzu yana kwafar takardun shari'a a ofishin Gilchrist. Yakan zo duk Juma'a, ya ci kawa, ya gyaɗa kai. Tsattsewa suna nan suna sheƙa a bakin rufina, kaka ta yi su ɓace. Na taɓa tambayarsa ina suke zuwa, ko zan tsokano shi.

Ya ce, “Duk inda manya suka ce, Baba.”